Shanyewar ɓarin jiki a karkarar Kano da Jigawa: abin da bincike ya gano, da inda ake rasa mutane

Sau da yawa da asuba ake ganin abin. Magidanci ya tashi zai yi alwala, buta ta suɓuce daga hannunsa na dama, ya sunkuya zai ɗauka ƙafa ta ƙi ɗaukarsa. Ya buɗe baki zai kira uwargida, magana ta fito a cakuɗe, baki ya karkace, yawu na dalala ta gefe guda. Kafin hantsi gida ya cika. Wannan ya ce iska ce ta buge shi, wancan ya ce jifa ne, kowa kuma hujjarsa ɗaya: jiya lafiya ƙalau ya dawo daga gona.

A wannan "lafiya ƙalau" ɗin kuskuren yake. Faɗuwar ce ta zo farat ɗaya, amma ɓarnar da ta kawo ta takan yi shekara goma ko fiye tana cin jijiyoyin jini ba tare da mutum ya ji ko ciwon kai ba.

Ciwon ba a hannu ko ƙafa yake ba, a ƙwaƙwalwa yake, kuma iri biyu ne. Ko dai gudan jini ya toshe jijiyar da ke kai wa wani sashe na ƙwaƙwalwa jini, sashen ya mutu don rashin iska da abinci, ko kuma jijiyar ta fashe jini ya malala cikin ƙwaƙwalwar ya danne ta. Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke juya ɓarin dama na jiki, kuma a wurin mafi yawan mutane a nan cibiyar magana take. Shi ya sa wanda damansa ta shanye yakan rasa magana, ko ya riƙa furta kalmomin da ba su da kai, har a ce ya zautu alhali yana gane kowa. Wani lissafi da aka wallafa a 2006 ya ƙiyasta cewa idan babbar jijiya ta toshe, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 1.9 ke mutuwa a kowane minti. Da ido ba a iya rabe toshewa da fashewa, ko da likitan ya ƙware. Sai an ɗauki hoton kai da na'urar CT. Wannan bambanci kuwa shi ne komai, domin maganin da ke ceton mai toshewa yana iya ƙarasa mai fashewa.

Shekaru da dama alƙaluman da likitocinmu ke aiki da su na Turai da Amurka ne. Abin ya sauya da binciken SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa suka jagoranta a asibitoci 15 na Najeriya da Ghana, ciki har da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Daga 2014 zuwa 2017 sun tattara mutum 2,118 da hoton kai ya tabbatar sun sami ciwon, kowane ɗaya aka nema masa takwara mai lafiya da suka yi daidai a shekaru, jinsi da ƙabila, sannan aka gwada rayuwarsu don ganin me ya raba su. An wallafa sakamakon a 2018.

Abu uku ne suka fi ɗaukar hankali. Na farko, kashi 32 cikin 100 na majinyatan fashewar jijiya ce ta same su, alhali a ƙasashen Turai irin wannan bai cika wuce kashi 10 zuwa 15 ba, kuma shi ne ya fi kisa. Na biyu, matsakaicin shekarunsu 59 ne, kuma kusan ɗaya cikin huɗu bai kai 50 ba. Waɗannan su ne masu noma, masu ciyar da gida, masu yara a makaranta. A cikin waɗannan matasan ma, fiye da rabi fashewa ce. Na uku kuma, wanda ya danne sauran, hawan jini: lissafin ya nuna kusan kashi 91 cikin 100 na ciwon yana rataye da shi. Ma'ana, da za a ce babu mai hawan jini ko ɗaya a cikin jama'ar, da kusan tara cikin goma na masu shanyewar ba su kwanta ba. Babban binciken INTERSTROKE da aka yi a ƙasashe 32 ya sami kusan kashi 48 ne ga duniya baki ɗaya. Bayan hawan jini sai yawan maiƙo a jini, yawan cin nama, teɓa, ciwon suga, ƙarancin cin ganye, damuwa, barbaɗa gishiri a kan abincin da aka riga aka dafa, ciwon zuciya, rashin motsa jiki da shan taba.

Amma a karanta waɗannan alƙaluma da hankali. Binciken a manyan asibitocin birni aka yi shi, a kan waɗanda suka kai ga hoton kai. Mutumin ƙauyen Gwaram ko Tudun Wada da ya faɗi da magariba ya cika kafin asuba ba ya cikin lissafin, haka tsohuwar da aka yi jinyarta a ɗaki har ta rasu. Shi kansa ciwon yana ɗaga jini na wasu kwanaki, don haka mai yiwuwa kason hawan jinin ya ɗan haura gaskiyarsa. Batun nama kuma bai kamata ya tsorata manomin da sai ranar kasuwa ko Sallah yake ganin tsoka ba. Irin wannan bincike yana nuna abubuwan da ke tafiya tare ne, ba ya tabbatar da cewa wannan ne ya haifar da wancan, kuma mai cin nama kullum a ƙasar nan galibi shi ne mai hali, mai zama wuri ɗaya, mai tumbi. Abin da ya fi amfani ga mutumin karkara a jerin shi ne ganye. Zogale, rama, alayyahu, yakuwa, lalo da tafasa, waɗanda ake yi wa kallon abincin talaka, suna cikin abubuwan da aka ga masu cinsu kullum sun fi tsira.

Yanzu ga inda lissafin birni da na ƙauye suka rabu. A ƙasashen da suka ci gaba, ginshiƙin magani shi ne allurar narkar da gudan jini. An tabbatar da amfaninta a 1995 idan an yi ta cikin awa 3, a 2008 kuma aka nuna tana amfani har zuwa awa 4 da rabi daga lokacin da ciwon ya fara. Daga 2015 aka ƙara da zura siririn bututu ta jijiya a zaro gudan jinin. A lissafa wa mutumin ƙauyen Haɗejiya ko Gumel: ya farka da ciwon, ba a san ƙarfe nawa ya fara ba, don haka agogo yana farawa ne daga lokacin da aka gan shi lafiya na ƙarshe, wato daren jiya. A tara dangi a yi shawara, a nemi mota, a nemi kuɗin mai, a fara zuwa ƙaramin asibiti, a tura su babba, a biya kuɗin hoto. Awa huɗu da rabi sun daɗe da wucewa. Duk wanda ya gina shirin yaƙi da wannan ciwo a karkara a kan wannan allura, ya gina shi a kan yashi.

Wannan ba ya nufin gaggawar zuwa asibiti ba ta da amfani. Mafi yawan waɗanda ke mutuwa bayan kwanakin farko ba ƙwaƙwalwar ce ke kashe su kai tsaye ba, abubuwan da ke biyo baya ne, kuma su ana iya tare su da kayan aiki masu araha.

Babban cikinsu shi ne haɗiya. Kusan rabin masu ciwon a kwanakin farko maƙogwaronsu ba ya rufe hanyar iska yadda ya kamata. Duk abin da aka ɗura musu, ruwa ne, kunu ne, rubutu ne, man zaitun ne ko jiƙon tafarnuwa, wani ɓangare yana gangarawa huhu. Wasu ma ba sa ƙwarewa ballantana a gane. Bayan kwana biyu ko uku sai zazzaɓi, numfashi sama-sama, ƙirji na kurari, a ce ciwon ne ya tsananta, alhali huhu ne ya ruɓe da abin da aka ba shi da hannun ƙauna. Addu'a da tofi ba su hana komai ba, a yi su, rubutun ma a shafa masa. Abin da ba a so shi ne a sa wani abu a bakinsa kafin ma'aikacin lafiya ya gwada haɗiyarsa: a zaunar da shi sosai yana farke, a ba shi ruwa ƙaramin cokali sau uku, a saurari tari ko sauyin murya, idan babu sannan a gwada rabin kofi. Idan ya faɗi gwajin, robar hanci ce mafita. Dangi da yawa suna ƙin ta don suna ganin alamar ajali ce. Ita ce ke sa ya ci abinci ya sha magani ba tare da ya shaƙe ba, kuma mutane da yawa ana cire musu ita cikin makonni kaɗan.

Abin yi a gida kafin a samu mota kaɗan ne: a kwantar da shi a gefensa don amai ko yawu su fita, a riƙe lokacin da aka gan shi lafiya na ƙarshe, a kwashe duk magungunan da yake sha a tafi da su. Kada a ba shi asfirin. Manyan gwaje-gwaje biyu na 1997, a kan mutum kusan 40,000, sun nuna asfirin cikin awa 48 yana tsare kusan mutum ɗaya cikin 100 daga mutuwa ko maimaituwar ciwon, amma ga mai toshewa ne bayan hoto ya nuna babu zubar jini. A ƙasar da ɗaya cikin uku fashewa ce, ba shi a makance caca ce. Kada kuma a sa masa ƙwayar hawan jini a ƙarƙashin harshe don an ga awo ya kai 190. Ga mai toshewa, wannan hawan shi ke tura jini zuwa gefen da bai gama mutuwa ba, likitoci ma ba sa taɓa shi a ranar farko sai ya haura 220 bisa 120. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Abu ɗaya da ya kamata kowane ƙaramin asibiti ya yi nan take shi ne tsira yatsa a auna suga, domin faɗuwar suga tana kwaikwayon shanyewar ɓarin jiki sak, musamman ga mai shan maganin suga da ya yi azumi ko ya kwana bai ci ba, kuma ita cikin mintuna ake gyara ta.

Ga mai fashewa lissafin daban ne. Gwajin INTERACT3 da aka wallafa a 2023, a kan mutum sama da 7,000 a ƙasashe da dama ciki har da Najeriya, ya haɗa abubuwa huɗu a lokaci guda: sauke lambar sama ta awon jini ƙasa da 140 cikin awa ɗaya a ƙarƙashin kulawa, daidaita suga, sauke zazzaɓi, da warware maganin tsinka jini ga mai shan sa. Waɗanda aka yi wa haka sun fi samun sauƙi bayan wata shida. Babu na'ura mai tsada a cikin jerin, tsari ne da sa ido.

Sai dai duk wannan gyaran ɓarna ne. Inda bincike ya fi ƙarfi, kuma inda ƙauye zai iya yin aikin da kansa, shi ne shekarun da suka gabaci faɗuwar.

Hawan jini ba ya da alama a wurin mafi yawan masu shi. Jiri da ciwon ƙeya da mutane ke jira ba abin dogaro ba ne. Awo ne kawai, shi ma sai an yi shi daidai. Mutum ya zauna ya huta minti 5, baya a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu a ɗore daidai ƙirji, ba ya magana, bai ci goro ko shan shayi mai ƙarfi ko taba ba cikin rabin awa, ba ya jin fitsari. A auna sau biyu, tsakani minti ɗaya ko biyu. Idan abin ɗaura wa damtse ya yi wa mai ƙiba kaɗan, awon zai haura gaskiya. Idan ya kai 140 bisa 90 a ranaku biyu daban-daban, hawan jini ne. Tarin gwaje-gwaje da aka haɗa a 2016 ya nuna duk rage maki 10 a lambar sama yana rage haɗarin shanyewa da kusan kashi 27 cikin 100.

Wane magani ya fi dacewa da baƙar fata? Gwajin CREOLE na 2019, wanda Dakta Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida da mutum 728, ya gwada haɗi uku na tsawon wata shida. Haɗin da ke da amlodifin a ciki, ko da maganin sa fitsari na jinsin tayazaid ko da ferindofiril, ya fi sauke jini a kan haɗin da babu shi. Amlodifin kuwa yana cikin mafi araha, sau ɗaya ake sha a rana, don haka ko da azumi ana iya mayar da shi sahur ko buɗa-baki. Kowanne yana da halinsa: amlodifin kan kumbura idon sawu, ferindofiril da ɗan uwansa lisinofiril kan kawo busasshen tari kuma ba a ba mai ciki su. Waɗannan dalilan sauya magani ne, ba na dainawa ba. Dainawa kuwa ita ce babbar matsalar. Mutum ya sha na wata guda, aka auna aka ce ya sauka, ya ɗauka ya warke kamar zazzaɓin cizon sauro. Maganin riƙe jinin yake yi, ranar da aka sake shi zai koma inda yake. Wasu kuma damina ce ke raba su da shi, lokacin da kuɗi suka tafi taki da ƙwadago kuma hanya ta yanke. A gefe guda ga haɗin ciwon jiki da manoma ke saya a kemis bayan wunin huɗa, wanda galibi akwai daiklofenak ko aibufurofen ko firoksikam a ciki, wani lokaci har da dekzametason. Dukkansu suna ɗaga jini, suna rage ƙarfin maganin hawan jini, masu rage ciwon kuma suna cin ƙoda.

Wanda ke shakkar ko ma'aikacin lafiya na ƙauye zai iya wannan aiki, ya dubi abin da aka yi a karkarar Sin. A wani gwaji da ya ƙunshi ƙauyuka 326 da mutum kusan 34,000, a rabin ƙauyukan an horar da ma'aikatan lafiya na ƙauye waɗanda ba cikakkun likitoci ba, aka ba su rubutaccen tsari na fara magani da ƙara shi mataki-mataki har jini ya sauka ƙasa da 130 bisa 80, likitoci na duba aikinsu, magani kyauta ko da rangwame, da abin awo a gida. Bayan shekara 3 shanyewar ɓarin jiki ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku idan an kwatanta da ƙauyukan da aka bari yadda suke. An ɗan sami ƙarin masu faɗuwar jini fiye da kima, abin da ke nuna sai da bibiya. Malaman lafiya da ke ƙananan asibitocin mazaɓu a Kano da Jigawa ba su gaza waɗancan ba. Abin da ya sa na Sin ya yi aiki shi ne magani bai yanke ba kuma akwai mai bin wanda bai dawo ba.

Gishiri kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya a shafe, daga duk abin da ya ci. Matar da ta ce ta rage gishiri amma ta ƙara dunƙule ba ta rage komai ba, don kusan rabin dunƙulen gishiri ne. Kanwa ma sinadarin da ke ɗaga jini a gishiri, wato sodiyam, shi ne a cikinta. Daddawa, citta, tafarnuwa da albasa suna cike gurbin ɗanɗano idan an rage a hankali cikin makonni. Wani gwaji a ƙauyuka 600 na Sin, da aka wallafa a 2021, ya musanya gishirin girki da wanda kashi 25 cikinsa fotasiyam ne, shanyewa ta ragu da kashi 14. Irin wannan gishiri bai dace da mai ciwon ƙoda ba.

Maganar kanwa ta kai mu ga masu jego. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya bayan haihuwa a ƙasar Hausa, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan jego mai zafi, kodayake binciken baya-bayan nan ya nuna dalilan sun fi haka yawa. Zuciyar da ta raunana takan tara gudan jini a cikinta, ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa. Haka hawan jinin ciki da jijjiga ba sa ƙarewa da haihuwa, makonni shida na farko lokacin haɗari ne. Mai jego da ke kukan matsanancin ciwon kai, ganin dishi-dishi, kumburin fuska ko haki idan ta kwanta, a auna jininta a ranar, kada a jira arba'in.

Akwai fannin da Kano ce ta koya wa duniya, wato yara masu sikila. Idan ba a yi komai ba, kusan ɗaya cikin goma na masu cikakkiyar cutar yana samun shanyewar ɓarin jiki kafin shekara 20. Ana gano mai haɗari da na'urar da ake ɗorawa a gefen kai kusa da kunne, tana auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa da sauti, babu allura babu zafi. Idan gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa, jijiyar ta ƙuntace. A Amurka gwajin 1998 ya nuna ƙarin jini duk wata yana rage haɗarin da kusan kashi 90, amma wane iyali ne a Ringim ko Ɗambatta zai samu jini mai tsabta duk wata shekara da shekaru? Sai likitocin Kano da Kaduna, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, suka gwada ƙwayar haidiroksiyuriya a gwajin SPRING: yara 220 masu shekara 5 zuwa 12 da awonsu ya nuna haɗari, rabi a kan miligiram 10 ga kowane kilo na nauyinsu a rana, rabi a kan 20. Sakamakon da aka wallafa a 2022 ya nuna yara ƙalilan ne suka sami ciwon a kowane ɓangare, babu bambanci na a-zo-a-gani tsakaninsu wajen shanyewa, sai dai masu shan 20 sun fi ƙarancin kwanciya asibiti. Ba magani ba ne na saya a kemis, yana buƙatar awon jini lokaci-lokaci. Ana son a riƙa yi wa yaro mai sikila awon kan nan duk shekara daga shekara 2 zuwa 16.

Wanda ya rayu ya dawo gida, aikin ya koma hannun masu jinya. A juya shi duk awa 2, a duba ƙugu, gindin baya da dunduniya, don gyambon kwanciya daga jan fata yake farawa. Kada a taɓa jan shi ta hannun da ya shanye wajen ɗagawa, domin tsokar da ke riƙe kafaɗa ta saki, ƙashin zai goce ya bar masa ciwo na watanni. A tallafe hannun da matashi. Gashi da ruwan zafi ko garwashi a ɓarin da ba ya jin zafi ƙuna yake bari, tsaga da ƙaho kuma miki. Wani gwaji na 2015 a kan mutum sama da 2,000 ya nuna tayar da majinyaci da ƙarfi tun cikin awa 24 na farko ya fi cutarwa, amma bayan haka motsi gajere-gajere sau da yawa a rana shi ake so: zama a bakin gado, miƙewa da tallafi, ɗaukar ludayi, jan carbi da hannun da ya raunana. Mafi yawan sauƙin yana zuwa ne cikin wata 3 na farko, don haka zuwa wurin masu gashin ƙashi na asibiti, wato masu koyar da motsa gaɓoɓi, ba abin da za a ɗaga sai bayan girbi ba ne. Kusan ɗaya cikin uku na masu ciwon yana faɗawa baƙin ciki mai tsanani, ya ƙi abinci ya ƙi motsa jiki, kuma wannan ma yana da magani. Wasu tabon da ya rage a ƙwaƙwalwa yana kawo musu farfaɗiya bayan watanni, ita ma ana riƙe ta da ƙwaya.

Akwai kuma wanda bai faɗi ba tukuna. Hannunsa ya mutu ko maganarsa ta karye na minti goma yana zaune a majalisa, sannan ta dawo, aka ce gajiya ce ko yunwa. Gudan jini ne ya toshe ya wuce, kuma haɗarin babbar shanyewa ya fi yawa a cikin kwana biyu da ke biye. Wani bincike da aka yi a Ingila, wanda ya fito a 2007, ya nuna duba irin waɗannan mutane da fara musu magani a ranar, maimakon jiran makonni, ya rage faɗuwarsu cikin wata 3 da kusan kashi 80 cikin 100. Irin wannan mutum, ko da ya miƙe ya tafi masallaci da ƙafarsa, asibiti za a kai shi a ranar.